Ina Zauren Ya Tafi? Raddi Ga Masu Zana Mana Katun

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ƙorafi ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kwanakin baya wani yaro ya same ni, ya ce yana son ya mayar da babi ɗaya na wani littafina katun. Na ce bismilla. Bayan sati uku ya dawo da wayarsa yana murmushi. Wallahi da na kalla sai da na tambaye shi ko labarin wani ne ya ɗauko. Yarinyar da na rubuta 'yar cikin birni ce, gidansu na ƙasa mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Wadda na gani kuwa idanunta kamar faranti irin na katun ɗin Japan, gashi har gadon baya, tana zaune a falon bene mai gilasai.

Na ce masa, ina zauren? Ya ce ai zaure ƙauyanci ne, kuma abin da kwamfuta ta fitar masa ke nan.

To ku saurara. A babin nan saurayi ne ya tsaya a zaure, ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Yaro ya shiga ya faɗa a gaban yayarta, ita ta yi wuf ta fito. Daga nan rigimar littafin gaba ɗaya ta tashi. Da ka ɗauke zaure ka zaunar da saurayi a kan kujerar falo, wa zai aiki yaro? Wa zai yi kuskure? Ka kashe labarin tun kafin ya fara numfashi. A gidan Bahaushe gini ne ke faɗin inda baƙo zai tsaya, da wanda zai ji maganar wani ta bayan labule. Shi ya sa mai hankali yake fara zana wurin, ya san ina ƙofa take, ina murhu, ina rana ke faɗuwa, kafin ya motsa mutum ko ɗaya.

Za ku ce ba ku da kuɗi. Mustafa Alhassan na Nijar nawa gare shi? A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, da kwaɗi ya yi wa shugabanni shaguɓe, zane na hannu. Daga baya ya yi Kokoa, kwaɗi da sauran dabbobi suna kokawa irin ta gargajiya. Har ya rasu a 2015 duniya na girmama shi, don bai ari fuskar kowa ba. Su kansu masu kuɗin fa? Kafin Disney su saki The Lion King a 1994, sai da suka tura ma'aikatansu Kenya suka kalli daji da idonsu. A 2024 sun fitar da Iwájú tare da matasan Kugali, labarin Legas ta zamani mai zuwa, amma ka kalla ka san Legas ce. Kai kuwa Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama kuɗin adaidaita kawai ke tsakaninka da su. Ka je ka ga zanko, ka ga shuni a hannun marini, ka ga yadda hazo ke dusashe Dutsen Dala lokacin hunturu. Launukanka ke nan, kyauta.

Amma laifi tudu ne. Mu marubuta mu muka fara wannan ɓarna. Mu muka cika littattafai da jarumai farare sol masu gashin Indiyawa, da samari masu motoci goma. Yaran nan abin da muka shayar da su suke amayarwa. Ni ma na yi, ban tsame kaina ba.

Damuwata ita ce, littafi babba ke karantawa, katun kuwa ɗan shekara biyar ke kallo. In duk mai kyau da ya gani baƙo ne, duk gida mai daraja na gilashi ne, ranar da ya dubi mahaifiyarsa a gindin murhu me zai raya a ransa? Kayan aro ba ya rufe katara.

Na hana yaron sakin aikinsa. Na ce ya ɗauki takarda da fensir ya je ya wuni a zauren kakansa, ya dawo mu yi magana. Ina nan ina jiransa.

Wassalam.