Hanya Kafin Mota: Bas ɗin Lantarki da Ɗaliban Fadamar Haɗeja

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ake ta jin masu cewa bas mai aiki da lantarki ce za ta raba ɗaliban karkara da wahalar zuwa makaranta. Hujjarsu ita ce Amurka ta ware dala biliyan 5 a 2021 domin sauya motocin makarantunta, birnin Shenzhen na ƙasar Sin kuma ya mayar da bas-bas ɗinsa na lantarki tun 2017. Ban ƙi ci gaba ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗinka wa Haɗeja riga da awon wani.

Babban abin da ke tare yaron Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma da damina shi ne ruwa. Kogin Haɗeja kan cika ya batse, musamman idan aka saki ruwan madatsun Tiga da Challawa, ga kuma kachala ta toshe magudanai. A ambaliyar 2022 hanyoyi sun yanke, makarantu sun koma mafakar waɗanda gidajensu suka rushe. Motar da batirinta mai nauyi ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, ina za ta bi a cikin wannan taɓo? Da wace wuta za a yi mata caji, alhali ƙauyuka da dama ko turken lantarki babu? In ta lalace a zafin bazara, wane makaniki ne zai taɓa ta?

Sai dai masu wannan ra'ayi suna da gaskiya guda: Allah ya hore mana rana. Motar makaranta safe da yamma kawai take tafiya, tana iya wuni tana shan caji a ƙarƙashin rumfar sola. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. A fara ɗaga hanyoyi a sa musu kwalbatoci, a kafa sola a makarantu, a horar da matasanmu gyara. A gwada da ƙananan kekuna masu ƙafa uku, a tanadi kwale-kwale da rigunan ceto domin watannin ruwa.

In aka tsallake waɗannan, za a yanka zare a ɗauki hoto, motar ta ƙare a ƙarƙashin darbejiya akuyoyi na kwana a inuwarta, yarinyar Guri kuwa ta ci gaba da tsallaka ruwa da littattafanta a ka.