Ƙaramin Lambun da Zai Tace Wa Kifin Yaranki Ruwa

Yau maganar kifin ado za mu yi. Gidaje da yawa sun sayi akwatin gilashi don faranta wa yara, amma kafin wata ya zagayo ruwa ya yi duhu, kifi ya mutu, yaro yana kuka. Sau da yawa ruwan ne ke kashe su.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara shi. Amoniya guba ce ga kifi ko da kaɗan ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da soso, su ke juya ta zuwa naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta amoniya ba. Sai dai shi ma taruwa yake yi. Ga tsiro kuwa, amoniya da naitiret taki ne.

Matsalar ita ce wasu kifayen, musamman jajayen nan masu ruwan zinariya, suna cinye tsiro ko su tumɓuke shi. Dabarar sai ki ware wa tsiron ɗakinsa. Ki samu ƙaramin akwati na roba ko gilashi ki ɗora a saman babban. Ƙaramin injin tura ruwa zai haura da ruwa ta tiyo, ruwan ya ratsa saiwoyi, ya gangaro ta wata ƙofa ya koma wurin kifi. Ki bar sarari a babban akwatin, domin idan aka ɗauke wuta ruwan sama zai iya dawowa ƙasa.

Wane tsiro za ki sa? Kainuwa dashen Allah tana kan gaba: tana yawo a saman ruwa, tana saurin yaɗuwa, saiwoyinta na zuƙe takin. Amma kada ki tsamo ta daga kududdufi ki jefa kai tsaye. Tana iya zuwa da matsattsaku da ƙananan katantanwa, irin waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. Ki saya wurin masu sayar da kifin ado, ki wanke, ki ajiye ta a bokiti daban na mako biyu kina dubawa. Akwai kuma tsiron nan mai yaɗo na ado da ake kira pothos. Saiwarsa a ruwa, ganyensa a waje. Shi da kainuwa duka suna ƙona baki idan aka tauna, don haka ki nesanta su da hannun mai rarrafe.

Tsiron yana son haske kamar awa 8 zuwa 10 a rana. Masu kiwo da dama suna kunna masa fitila da dare, saboda a cikin duhu tsiro ba ya ba da iskar oksijin, shaƙarta yake yi. Duk mako ki rage kainuwar da ta cika wuri, domin da ita dattin yake fita. Ki shanya ta ta bushe, kada ki zuba a magudanar ruwa.

Ki kula da abu biyu. Ƙaramin akwatin ba kifi a cikinsa, idan ruwan ya tsaya sauro zai yi ƙwai, saboda haka ki rufe shi da raga. Sannan wayar wuta da soket su kasance sama, nesa da ruwa da yara.

Lambun nan taimako yake yi, bai ɗauke miki canjin ruwa ba. Ki canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, da ruwan da aka cire wa sinadarin kulorin. Tsohon ruwan ki ba shukokin tsakar gida. A sabon akwati bakteriyar nan tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu, don haka ki fara da kifi kaɗan, abinci kaɗan.

Ki ba yaran aikin rage kainuwa kina tsaye a kansu, su wanke hannu da sabulu bayan sun gama. Wadda ta gwada, muna jiran jin yadda ta kaya. Allah Ya raya mana zuri'a.