Wasiƙa zuwa ga magina da masu zanen gini na ƙasar Madawa, Buza da Kaita

 

Akwai wani tabarau na kwamfuta da ake ɗaura wa mutum a fuska, sai ya ga kansa cikin ginin da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Ya waiga, ya ɗaga kai, ya leƙa lungu. A Turai da Amurka masu bincike na gwada ra'ayin jama'a da shi: a nuna titi iri biyu, a sauya abu ɗaya tak, kamar faɗinsa ko tsawon bango, a tambayi wanne ya fi kwanta musu. Ranar da zai iso yankinku, ku karɓe shi, amma da sharaɗi.

Tabaran ido kaɗai yake tambaya. Ku nuna wa magidanci ɗakin bulo da kwano mai ƙyalli kusa da soron ƙasa, zai ce kwano, don a cikin tabaran ba ya jin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Kafin ku rubuta amsarsa, ku zaunar da shi ƙarƙashin kwano na gaske da azahar, sannan cikin soro mai azara da bango mai kauri, ku sake tambaya.

Sai batun kunya. Mutumin karkara ba zai kushe abin da baƙo ya kawo a gaban mai gari ba. "Ya yi, madalla" za ku ji. Ku tambayi kowa shi kaɗai. Mata kuwa, su ke wuni a tsakar gida, su suka san inda hayaƙin murhu ke bi da ko mai tsayuwa a zaure zai hango su. Mace ta shiga musu da tabaran. Tsoho in jiri ya ɗebe shi, a cire.

Ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne a jihar Tawa. Masallacin Yaama da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse a 2018. Ku sa irin waɗannan cikin tabaran, da yaɓe mai kyau da indararo, kada a jera tsohon kango da sabon siminti a ce an gwada.

Allah ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.