Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Hanyar Keke a Gaɓar Tekun Cornwall

Idan aka tambayi yawancinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, mece ce alamar ci gaban ƙasa, amsar da za ta fara zuwa baki ita ce faffaɗan titi mai hannu biyu, motoci suna sheƙa gudu a kansa. Keke kuwa mun ajiye shi a sahun abubuwan da mutum yake hawa kafin hannunsa ya kai ga mota. To, ni ra'ayina dabam ne. A ganina, darajar hanya ana auna ta ne da mafi raunin mai binta, watau yaro da tsoho da mai keken guragu. In waɗannan suka bi ta ba tare da fargaba ba, hanya ta cika hanya. Hujjata kuwa zan ɗauko ta daga wata 'yar hanya mai tsawon mil 18 a ƙasar Ingila, wadda doka ta hana mota da babur su taka.

Lardin Cornwall yana can ƙurewar kudu maso yammacin Ingila, teku ta kusan kewaye shi. Ƙasa ce ta masunta da manoma da mahaƙa kuza, kuma tana cikin yankunan da suka fi ƙarancin arziki a Ingila. Mahaƙar kuzarta ta ƙarshe, South Crofty, ta rufe a 1998. A arewacin lardin akwai wani kogi da ake kira Camel. Kada mai karatu ya zaci raƙumi ake nufi, domin sunan ya samo asali ne daga tsohon harshen mutanen wurin, ma'anarsa kogi mai lauje-lauje. Hanyar da nake magana a kanta, Camel Trail, tana bin gefen wannan kogi tun daga Padstow, garin masunta da ke kusa da inda kogin ya faɗa Tekun Atalantika, ta ratsa Wadebridge, ta gifta Bodmin, ta ƙare a wani ƙauye mai suna Wenford Bridge.

Asalinta layin dogo ce. A 1834 aka buɗe layin Bodmin zuwa Wadebridge, wanda yake cikin layukan farko a duniya, kuma babban aikinsa a lokacin shi ne kai wa manoman tudu yashin teku domin gyaran gonakinsu. A 1899 dogo ya isa Padstow, kifi ya riƙa tafiya Landan a jirgi. Daga baya mota ta yi ƙarfi, ciniki ya ja baya. A 1963 Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Biritaniya, ya fitar da rahotonsa wanda ya ba da shawarar a rufe kimanin mil 5,000 na layin dogo da tashoshi fiye da 2,000. A watan Janairu na 1967 jirgin fasinja ya daina zuwa Padstow. Reshen Wenford ya ci gaba da jigilar farar ƙasa ta yin tangaran har 1983, sa'an nan shi ma ya kwanta.

A nan ne inda darasin yake. A wurare da dama na Ingila, da aka ciccire ƙarafan dogo sai aka yanka filin gunduwa-gunduwa aka sayar, wannan ya yi gini, wancan ya haɗe da gonarsa, hanya ta ɓace har abada. A gefen kogin Camel kuwa hukumomin yankin suka riƙe filin a matsayin dukiyar jama'a, aka daddale shi, aka gyara gadoji, aka buɗe shi ga masu keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki. Aikin bai ci kuɗi irin na sabon titi ba, domin injiniyoyin ƙarni na goma sha tara sun riga sun yi mai wuyar. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi, saboda haka tilas suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka bar hanya kusan a shimfiɗe. Abin da ya dace da ƙarfin tsohon injin tururi shi ne ya dace da ƙafar yaro ɗan shekara bakwai. Mai keke yana iya tashi daga Wadebridge ya isa Padstow, mil biyar da rabi, ruwa da tsuntsayen fadama a damansa, ya haye tsohuwar gadar ƙarfe ta rafin Little Petherick, bai yi haki ba, bai kuma waiwaya ko sau ɗaya don tsoron abin da ke tahowa a bayansa ba. An ƙiyasta cewa mutane wajen 400,000 suke bin hanyar a shekara.

Wani zai ce, ai karkara ce, ina motocin da za a guje wa? Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara. Hanyoyin ƙauyukan Cornwall matsattsu ne, masu kwana-kwana, an yi musu shinge da bangon dutse da ƙasa wanda yakan fi mutum tsayi, direba ba ya ganin abin da ke bayan kwana. Duk da haka, a galibinsu doka ta yarda mota ta yi gudun mil 60 a sa'a. Fiye da rabin mutanen da ke mutuwa a haɗarin mota a Biritaniya a hanyoyin karkara suke mutuwa. Shirun hanya ba shi ne amincinta ba. Mota ɗaya mai gudu, a kwana ɗaya, ta isa ta sa uwa ta hana ɗanta hawan keke har ya girma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wa'azi ga direbobi yana da amfaninsa, amma raba mai rauni da mai ƙarfi ya fi shi tabbas.

Ba zan ɓoye cewa akwai masu suka ba, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa wannan hanya ta 'yan yawon shaƙatawa ce, masu zuwa daga Landan da rani, waɗanda sayen gidajen hutu da suke yi ya sa gida a Padstow ya gagari 'ya'yan masunta. Gaskiya ne gida ya yi tsada a garin. Amma wannan ciwo ne na dokar gidaje, a can ya kamata a nemi maganinsa. Baƙon da ya zo a keke shi ne mafi sauƙin baƙi, domin ba ya cushe titi, ba ya neman filin ajiye mota a tsakiyar gari, kuma tun da a hankali yake tafiya, yakan tsaya ya ci abinci, ya sha shayi, ya biya kuɗin hayar keke a hannun ɗan gari. Hanyar kuma kyauta ce, ba ta da ƙofar karɓar kuɗi, mai gida da bara duk ɗaya suke a kanta.

Na biyu suna cewa da ma jirgin aka mayar, domin keke ba ya ɗaukar kaya, ba ya kai tsohuwa asibiti da sanyin hunturu. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ni ma ina ganin rufe layukan da aka yi a shekarun 1960 ya wuce gona da iri. Sai dai a lura da abu guda. A lardin Devon, maƙwabcin Cornwall, an komar da jirgin fasinja na kullum tsakanin Exeter da Okehampton a watan Nuwamba na 2021, bayan an yi kusan shekara hamsin babu shi, kuma abin ya yiwu ne domin hanyar tana nan ba a yanka ta ba. Filin da aka riƙe wa masu keke yana nan ɗungurungum, jikoki suna iya yanke shawarar da suka ga dama a kansa. Wanda aka sayar aka yi gini a kai kuwa, sai dai labari.

Na uku su ne gwanayen keke, masu siraran tayoyi da son gudu. Suna ƙorafin cewa hanyar ba duka aka shafe da kwalta ba, ga yara da karnuka da dawaki, kuma suna tsoron kada direbobi su ɗauka cewa tun da an yi wa keke hanyarsa, ba shi da sauran haƙƙi a babban titi. Tsoronsu yana kan hanya. Shi ya sa gyaran da aka yi wa ƙa'idojin hanya na Biritaniya a Janairun 2022 yake da muhimmanci, domin ya ɗora nauyi mafi girma a kan wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna, ya kuma umarci direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke. Hanya ta musamman da doka a babban titi tare suke tafiya. Ita kanta Camel Trail tana nuna haka, don kuwa a tsakiyar Wadebridge ta yanke, dole mai keke ya shiga titin gari ya cuɗu da motoci kafin ya sake kama ta. Hanyar da ta yanke a wurin da ya fi haɗari aikinta bai kammala ba.

Me ya shafe mu? Mu ma kuza ta taɓa jawo mana layin dogo. Ƙaramin layin nan da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama zuwa Jos da Bukuru an gama shi a 1914 domin jigilar kuza, aka rufe shi a 1957, shekara goma kafin na Padstow. Kuma a ƙasarmu keke bai taɓa zama abin shaƙatawa kawai ba. Shi ne dokin malamin makaranta da manomi da mai kai itace kasuwa. Idan mutanen da ke hawa don nishaɗi sun cancanci hanya mai aminci, wanda ke hawa don neman abinci ya fi su cancanta.

Saboda haka, 'yan'uwana, maganar tana kanmu. Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a Ma'aikatar Ayyuka, ko ta Ƙasa da Safiyo, ko ofishin ƙaramar hukuma. Wata rana fayil zai iso teburinku, a ciki ana neman izinin yanka wani tsohon layi, ko gefen madatsar ruwa, ko burtali, a raba shi fuloti-fuloti. Babu wanda zai yi zanga-zanga in kun sa hannu, babu kuma wanda zai yi muku kirari in kun ƙi. Ku tuna cewa waɗanda suka riƙe gefen kogin Camel ma'aikata ne da kansiloli irinku, waɗanda yawancin masu bin hanyar a yau ba su san ko sunansu ba. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, ku tambayi kanku wane ne zai bi wannan wuri nan da shekara hamsin, kuma a kan me zai bi.