Daga Sawaba zuwa fada: gwagwarmayar talaka na buƙatar makaranta

Duk shekara idan 9 ga Fabrairu ta zagayo, ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da ɗalibai uku da jami'an tsaro suka harbe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. Ana jawabai, ana addu'a, kowa ya watse. Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin da ya gabaci macin. Ɗaliban sun fito ne don adawa da matakan tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da asusun IMF suka gindaya wa Nijar, kuma sun san abin da matakan za su yi wa kuɗin tallafinsu da makarantunsu, domin sun yi ta muhawara a kai a tarukansu. Kafin shekarar ta ƙare, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta USTN, Janar Ali Saibou ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa, sannan aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991.

Wannan darasi ya girmi USN. A shekarun 1950 jam'iyyar Sawaba mai ra'ayin gurguzu, ƙarƙashin Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta kuma jagoran ƙwadago, ta kafa ƙarfinta a kan ƙananan mutanen birane: direbobi, 'yan kamasho, teloli, 'yan tebur da ƙananan ma'aikata. Yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba, amma a tasha da kasuwa suka koyi alaƙar haraji da farashin gyaɗa da mulkin mallaka, suka kai bayanin ƙauyuka. A Kano ma, NEPU da aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950 ta bi irin wannan hanya wajen wayar da kan talakawa. Ba banza ba kalmar "sawaba" ta zama taken ɓangarorin biyu na iyaka.

Ƙarshen Sawaba shi ma abin nazari ne. Ta nemi a ce "a'a" a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye a zaɓen da gwamnatin mulkin mallaka ta sa hannu dumu-dumu a cikinsa, aka haramta ta a 1959. Da mayaƙanta suka shigo ƙasa da makamai a 1964, sun tarar shekarun haramci sun raba su da jama'ar karkara. Aka farauto su, aka harbe wasu a bainar jama'a. Bindiga ta kasa maye gurbin zaman tattaunawar da aka rasa.

Matasan yau ba su rasa zafin kishi ba. Dubbai sun cika titunan Yamai har sojojin Faransa suka kammala ficewa a Disamba 2023. Kalmomin "'yancin kai" da "mulkin mallaka" sun cika Facebook da TikTok. Sai dai tambayoyi na nan. Matasa nawa ne za su iya bayanin yadda ake saka farashin yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971? Nawa ne suka taɓa ganin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu? Wa ke cin ribar albasar Galmi tsakanin manomi da kasuwar Abidjan? Mai ihu ba tare da sanin waɗannan amsoshi ba, duk wanda ya fi ƙarfin lasifika zai iya jan sa.

Makarantar da ake buƙata tana nan, ba sai an gina ta ba. Babu unguwar Maradi, Damagaram ko Tawa da ba ta da fada, inda samari ke kwashe sa'o'i a kan shayi. Zama ɗaya a mako ya isa a fara. Wanda ya iya Faransanci ya karanta dokar ƙwadago ko takardar kasafi, ya fassara wa sauran. Ɗan kabu-kabu ya lissafa abin da yake biya a rana da abin da ke rage masa. Wanda ya iya rubutu, na boko ko na ajami, ya koya wa wanda bai iya ba, a ƙasar da fiye da rabin manyanta ba sa karatu. A irin wannan zama kowa malami ne, kowa ɗalibi.

'Yan ci-rani na da nasu kaso. Wanda ya yi aikin gini a Aljeriya ko Libiya ya san yadda ake cinye guminsa idan ba shi da takarda. Wanda ke Faransa ko Beljiyam ya ga yadda ƙungiyar ƙwadago ke kare ma'aikaci. Saƙon murya na minti biyar ta WhatsApp da ke bayyana wannan ya fi amfani ga ƙannen gida a kan hotunan yawon buɗe ido.

Sharaɗi biyu ne za su hana wannan karatu lalacewa. Na farko, kada ya tsaya a kan azzalumin waje. Akwai mai ɓoye hatsi lokacin damina, akwai mai karɓar na goro a ofis, akwai al'adar wahaya. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ta shafe shekaru tana wayar da kai kafin a mayar da bauta laifi a dokar ƙasa a 2003, kafin kuma Hadijatou Mani ta yi nasara a kotun CEDEAO a Oktoba 2008. Fadar da ba ta da wurin mata ta bar rabin waɗanda ake zalunta a waje, alhali matan Nijar ne suka yi macin 13 ga Mayu 1991 don neman kujerunsu a shirin taron ƙasa.

Na biyu, kada zaman ya zama mallakar wani ɗan siyasa ko mai mulki, na farar hula ko na soja. Da zarar wani ya fara biyan kuɗin shayi yana zaɓar tambayoyin da za a yi, karatu ya ƙare, an koma banbaɗanci. Hukumomin da ke maganar 'yancin ƙasa su ma su sani cewa al'ummar da ke tsoron yin tambaya ba za ta iya tsare wannan 'yanci ba.