Jinjina ga Majalisar Zamfara, Amma da Sauran Aiki

A watan Nuwambar 2019 Majalisar Dokokin Jihar Zamfara ta yi abin da ba a saba gani a majalisun jihohinmu ba. Ta soke dokar da ta tanadar wa tsofaffin gwamnoni da mataimakansu, da tsofaffin shugabannin majalisa da nasu mataimakan, fansho da alawus na har abada. Shugaban masu rinjaye, Faruk Musa Dosara, shi ya gabatar da ƙudirin, ba a ja lokaci ba aka zartar, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu.

Wasiƙa ce ta jawo. Tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wa gwamnati yana tunin naira miliyan 10 da dokar ta ce a riƙa ba shi duk wata na kula da kai, ban da fansho. Takardar ta fita, ta bi gari. A lokacin mutanen Zurmi da Maradun da Shinkafi suna kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, wasu sun bar gonakinsu sun koma zaman gudun hijira. An faɗa a zauren majalisar cewa wannan doka tana lashe sama da naira miliyan 700 a shekara. Jihar da kusan duk abin da take kashewa daga kason Abuja yake zuwa ba ta da wuyan ɗaukar wannan kaya.

Sashe na 124 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha damar yi wa tsohon gwamna dokar fansho, amma bai wajabta mata ba. Da wannan dama jihohi da yawa suka fake suka jera gidaje da motoci da masu dafa abinci da kuɗin asibitin ƙasar waje ga mutumin da ya yi shekara huɗu ko takwas kacal. Zamfara ta ce a'a, daga baya Imo ta bi a 2020, Kwara a 2021, Abiya da Binuwai a 2024. A kan wannan 'yan majalisar sun cancanci jinjina, kuma na yi musu.

Na san me masu lura za su ce: siyasa ce. Ba su yi ƙarya ba. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar APC, jam'iyyar Yari, a jihar saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, kujerun suka koma hannun PDP. Saboda haka yanke wa Yari alawus bai yi wa kowa a zauren zafi ba. To amma dokar da suka soke ta haɗa har da shugaban majalisarsu na lokacin, da gwamnan da ya sa hannu, waɗanda su ma wata rana za su zama tsofaffi. Ko da wace niyya aka yi, kuɗin na talakan Zamfara ne, kuma an toshe hanyar da suke zurarewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙaramin ma'aikaci. Kundin nan dai, a sashe na 210, ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha fanshonsa ko garatutinsa, ya kuma ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk sanda aka ƙara albashi. Wa ya tashi a zauren ya karanta wannan sashe da irin zafin da aka karanta wasiƙar Yari? Masinja ko ma'aikacin jinya ya cika shekara 35 a bakin aiki, ya ajiye, ya shiga zaryar ofis da fayil a hammata, yau a ce tantancewa, gobe a ce babu kuɗi. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce ta gaji bashin garatuti na sama da naira biliyan 13 da ya taru tun daga 2011, wato ya ratsa mulkin Yari da na Matawalle baki ɗaya. Ta fara biya kashi-kashi, madalla. Sai dai da yawa daga masu haƙƙin magadansu ne suka karɓa. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a Abuja a 2019 ma sai a 2024 ya isa ga ma'aikacin Zamfara.

Biyan da ya dogara ga tausayin gwamna yana iya tsayawa ranar da gwamnan ya tafi. Jigawa ta daɗe da gane haka: doka ta sa ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ɗora kashi 17, a zuba a asusu na musamman, shi ya sa ba a cika jin kukan 'yan fanshonta ba. Majalisar Zamfara tana da ikon kafa irin wannan shinge. Ta yanka wa'adin watannin da dole a biya garatuti bayan ritaya, ta ajiye hukunci ga jami'in da ya taɓa kuɗin asusun, kuma kada ta amince da kasafin kowace shekara sai an kawo mata jerin sunayen 'yan fanshon da ke bin bashi da abin da aka ware musu.