Kafin ka ƙaro kaji ɗari, yi kunya biyar ta dankali

Yau zan ɗan kauce daga maganar rigakafi da farashin 'yan tsaki, in yi magana a kan dankalin Hausa, wanda wasu ke kira kudaku. Na san wani zai ce me ya haɗa mai kiwon tarwaɗa da dankali. Ni a ganina duk wanda yake da kaji hamsin ko tankin kifi ɗaya a bayan gida, a Narayi ne ko Kakuri ko Sabon Tasha ko Gonin Gora, bai dasa dankali ba, kullum kuɗi yake zubarwa a kwata.

Dubi abin da muke yi. Mai tarwaɗa yana canja ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, ya buɗe bututu, koren ruwa mai wari ya bi lungu ya tsaya a ƙofar gidan maƙwabci. Daga nan sai cacar baki, in gidan haya ne kuma mai gida ya ba ka wa'adi. Mai kaji kuma kashi ya taru masa a buhu, ƙuda ya cika gidan, yana jiran manomi ya zo ya saya a wulakance. Alhali ruwan nan da kashin nan taki ne, kai ka saya da kuɗinka a cikin buhun abinci, dabba ta ci rabonta ta fitar da sauran. Ga buhunan abincin da babu komai ciki an jibge su a lungu. Kayan noman duk suna hannunka, iri kaɗai ya rage.

Me ya sa dankali, ba tumatir ko kabeji ba? Saboda mu makiyaya ba mu da lokacin rainon shuka. Tumatir na son feshi da kulawa kamar jariri. Dankali kuwa yaɗonsa kake yanka, tsawon wajen santimita 25 zuwa 30, ka binne gaɓa biyu ko uku a ƙasa mai laima, shi ke nan. Tazarar santimita 30 tsakanin kowane dashe, kunya da kunya kuma kamar mita ɗaya. Da ya kama ya rufe ƙasa, ciyawa ma ba ta samun wurin fitowa. Wata uku zuwa huɗu ka haƙa. A nan Kaduna damina tana zama sosai daga Mayu har cikin Oktoba, don haka wanda ya dasa a Yuni ko Yuli bai da matsalar ruwa, mai tanki kuma ko da rani zai iya yi tunda ruwansa baya yankewa.

Amma a nan ne masu kiwo ke faɗawa rami, kuma a nan nake so a saurare ni. Kashin kaji da ruwan kifi suna da sinadarin naitirojin da yawa, wanda aikinsa shi ne tayar da ganye. Ka narka wa dankali su, za ka ga lambu ya yi kore shar, kowa ya shigo sai ya yaba, ka ɗauki hoto ka sa a Facebook. Ranar haƙa sai ka tarar da saiwoyi sirara kamar yatsa. Dankali ya fi buƙatar irin sinadarin da ke cikin tokar murhu. Saboda haka kashin kajin a bar shi ya ruɓe tukuna, kamar wata biyu, a cakuɗa kaɗan da ƙasa kafin dashe, a barbaɗa toka. Ɗanyen kashi ƙona dashe yake yi. Ruwan tanki kuma a ba shi a makonnin farko lokacin da ake son yaɗo ya miƙe, in ya fara zuba 'ya'ya a rage, a riƙa surkawa da ruwan rijiya. Ranar da ka sa gishiri ko magani a tanki, wannan ruwan kada ya je kan shuka ko kaɗan.

Sai dai in ganyen kake nema, to wannan wata magana ce, kuma ni ganyen ne ma ya fi jan hankalina. Kajin Hausa da Noiler da zomaye da awaki duk suna cinsa kamar me. Masu kajin ƙwai za su ga gwaiduwa ta ƙara ja. Shawarata ka raba gida biyu: kunyar da ke kusa da bututun tanki ka bar ta ta ganye, ka riƙa yanka tana tohowa, ta nesa ka bar ta ta 'ya'ya, kada ka yawaita tsinkar mata ganye, don da ganyen take yin 'ya'yan.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu bidiyo da ke cewa dankali zai raba ka da sayen abincin kaji. Ƙarya ce. Masara ce fiye da rabin abin da ke cikin buhun abincin kaji, kuma duk mun ga yadda ta yi tashin gwauron zabi a 2023 da 2024, shi ya sa maganar ke shiga kunne. Dankali zai iya maye gurbin wani kaso na masarar ga mai haɗa abincinsa da kansa, in an yanyanka shi an shanya, an niƙa. Amma furotin ɗinsa kaɗan ne, kuma ɗanyensa yana da wani sinadari da ke hana hanjin kaza cin moriyar furotin, sai an dafa yake mutuwa. Burola mai sati shida ba da dankali za ta yi nauyi ba. Tarwaɗa kam bar zancenta, nama take so. Wanda ya yi baƙi ko ya ruɓe kuma, kada tsumulmula ta sa ka zuba wa dabba, yana iya zama guba. Ribar ta gaskiya ita ce: ka daina sayen dankalin gida a kasuwar Monday ta Kakuri na wasu watanni, zomaye da kajin tsakar gida su samu kore, ka zauna lafiya da maƙwabta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda tsakar gidansa siminti ne, kamar yawancin gidajen haya a Barnawa da Television, ya yi a buhu. Huda gindin buhun ruwa ya riƙa fita, ƙasa ta zama mai rairayi, dashe biyu ko uku sun isa, a ajiye inda rana ke bugawa sosai. Na tukunya za ka samu, ba na kasuwa ba. Kuma ka kewaye da waya ko tsohon gidan sauro, in ba haka ba kajinka su gama da shi a yini ɗaya.

Batun iri, in da hali a nemi mai ciki launin lemo. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike a Jihar Abia ta fitar da irinsu King J da Mother's Delight da Solo Gold, suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga yara da masu ciki. Aikin yaɗa irin wannan dankali a Afirka ne ya sa aka ba wasu masana kyautar abinci ta duniya a 2016. Wasu na cewa ya cika laushi, bai kai farin namu gari ba. Haka ne, amma yara sun fi sonsa, sai ka dasa duka biyun. Yaɗo kuma a yanko daga tsiro mai lafiya, ɓangaren sama, a guji wanda ganyensa ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare.

Babban maƙiyinsa shi ne ɗan ƙwaron nan da ke huda dankali ya sa shi ɗaci. Ta tsagar ƙasa yake shiga in ruwa ya ɗauke. Da ka ga kunya ta fara tsagewa wajen Oktoba, ja ƙasa ka rufe, kuma da ya nuna ka haƙe, kada ka bar shi a ƙasa har hunturu wai don ya ƙara girma. Kafin ka haƙa, yanki yaɗo kaɗan ka dasa kusa da bututun tanki, shi ne irinka na baɗi.